Yadda Za Ki Tara Mabiya da Asirin Gidanku

Gyara zama, ki sa wayarki a caji. In kika bi matakan da zan jero miki ba tare da kin yi mini gardama ba, na yi miki alkawari kafin gashin da na aske yau ya sake tsirowa, mutanen da ko a hanya ba su taɓa gaishe ki ba za su san abin da kika karya da shi, da wanda kika yi faɗa da shi, da launin labulen ɗakinki. Wannan hanya ba ta taɓa ƙin ci ba. Sau ɗaya aka gwada ta a gidanmu, kuma har yanzu ba mu gama farfaɗowa ba.

Za ki ce shi kuma wannan wane ne da zai koya wa masu shafi a intanet sana'arsu? Mai aski ne ni, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. A shagona akwai talabijin a maƙale saman madubi. Rimot ɗinta ya ɓata tun tuni, maɓallin canza tasha ya shige ciki, saboda haka tasha ɗaya tak take kamawa. Ita kuwa tashar ba ta da aikin yi sai shirin nan da ake tara mutanen da ba su san juna ba a kulle su a gida ɗaya, a zuba musu kyamara har cikin kicin, su yi ta faɗa da kuka da soyayyar ƙarya, duk mako a kori mutum ɗaya. Mu a shago gidan gilashi muke ce masa. Shekara da shekaru ina aski a ƙarƙashinsa. Ko jaki aka ɗaure a wurin, da yanzu ya zama farfesa.

Ina ce miki "ke" ne saboda wadda ta fara cin moriyar wannan ilimi mace ce, ƙanwata, autar gidanmu, kowa Auta yake ce mata. In kai namiji ne, juya rigar ka sa, za ta yi maka daidai. Auta ta buɗe shafi tana rubutu a kan furannin da take shukawa a gwangwani. Mabiyanta a lokacin ni ne, da babbar yayarmu da muke kira Yaya Malama, da wata mata da na tabbata hannunta ne ya zame ta danna. Ran nan wayarta ta mutu, ta shigo shago neman caji, ta zauna a benci ta ɗaga kai ta kalli gidan gilashi. Kafin wayar ta cika, ita ma ta cika.

Yau mabiyanta ba sa ƙirguwa. Abin da aka biya kuwa bai taka kara ya karya ba: Mama, wadda in ta fara magana a kicin ana jin ta har bakin titi, yanzu in Auta ta shigo ɗaki sai ta ɗinke bakinta. Za mu zo kan wannan a hankali. Ke dai buɗe kunne.

Mataki na ɗaya: Ki nemi kusurwar tonon asiri

A gidan gilashi akwai wani ɗan ɗaki mai kujera ɗaya. Nan mutum ke shiga ya rufe ƙofa ya faɗi abin da ba ya son kowa ya ji. Ki lura da hikimar: ya rufe ƙofa saboda 'yan mutanen da ke falo, ya buɗe baki ga duniya gaba ɗaya.

Ke ma ki yi naki. Ki samu bango mai haske kusa da taga. Ki kwashe bokiti da tsintsiya, amma kar ki gyara wurin tsaf, za a ce ƙarya kike. Ki bar ɗan hargitsi na mutunci: filo ɗaya a karkace, kofin shayi a gefe. Da idona na ga Auta ta wanke kofi tas, sannan ta sake tsiyaya masa ɗan shayi a gindi don ya fito kamar an manta da shi.

Ko rubutu za ki yi ko bidiyo, ki fara da cewa, "Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba." Wannan jimla ba ta tsufa. Kina iya amfani da ita safe da yamma.

Mataki na biyu: Ki riƙa ba su kaɗan-kaɗan

Mutumin gidan gilashi in ya ce yana da wani sirri, sai ya ja makonni kafin ya faɗa, ƙarshe ka ji ashe tsoron kyanwa yake yi. Ki yi koyi da shi. Yau ki ce akwai abin da ke damunki. Gobe ki ce ba ki shirya faɗa ba tukuna. Jibi ki gode wa waɗanda suka yi miki addu'a. Gata ki faɗi rabi.

Auta da nata ta fara, kuma ba zan ci haƙƙinta ba, abin ya yi kyau. Ta rubuta yadda take tsoron shiga lif, take hawa bene da ƙafa tana haki tana cewa motsa jiki take yi. Ta rubuta yadda ta faɗi jarrabawar tuƙi, ta sa giyar baya ta hau kan takalmin mai jarrabawar. Ta rubuta yadda shugabanta a wurin aiki ya yi shekara yana kiranta da sunan wata, ita kuma tana amsawa. Wallahi har ni na ji daɗin karantawa. Mutane suka yi ta rubuto mata cewa su ma haka suke, sun ɗauka su kaɗai ne. Wannan kayanta ne, in ta ga dama ta baza shi a titi.

Sai dai ga matsalar da ba a gaya wa sabon shiga: asirin mutum ɗaya ba shi da yawa. Kina tsaka da jin daɗin rabo za ki ji cokali ya taɓa gindin tukunya, su kuma mabiya sun miƙo kwano.

Mataki na uku: Kuka

Kukan farko ba ya kyau a kyamara, hanci ne ke riga ido. Ki maimaita. Kar ki share da tsumma, ki ɗauke hawayen da bayan yatsa, kina kallon sama. Sannan ki ce, "Ku yi haƙuri, ban so ku gan ni a haka ba." Ba wanda zai tambaye ki wane ne ya danna maɓallin ɗauka, wane ne ya zaɓi waƙar da ke tashi a ƙasa, wane ne kuma ya ɗora.

In hawaye ya ƙi zuwa, ki tuna kuɗin data.

Mataki na huɗu: In rumbunki ya ƙare, ki shiga na 'yan'uwa

A nan ake gane gwani. Masu gidan gilashi ba sa tara mutane haka kawai, kowa da matsayinsa. Dole a samu mugu wanda za a tsana, da wawa wanda za a yi wa dariya, da baiwar Allah wadda za a tausaya wa. Ki dubi gidanku da kyau, za ki ga Allah ya riga ya haɗa miki su kyauta, ba sai kin biya kowa ba.

A gidanmu ni aka ba wawa. Auta ta sanar da duniya cewa ina shafa wa gemuna baƙi, kuma ni, mai riƙe reza tun safe har yamma, in na ga jini jiri nake yi. Har da labarin ranar da aka ɗebi jinina a asibiti na farka na ga ana yi mini fifita da katin wani mara lafiya. Washegari duk wanda ya zauna a kujerata sai ya ce, "Maigida, a hankali, kar ka yanke ni ka faɗo a kaina." Wani tsoho da ya fi shekara goma yana aski a wurina ya zo mini da lemo, wai in sha in ƙara jini.

Na same ta a kusurwarta tana gyara filo. Na ce, "Auta, me na tsare miki?"

Ta ce, "Haba Yaya, ai son ka aka yi. Duba nan, wata ta ce kai ɗan lele ne."

Na ce, "Ni na ce miki ina cigiyar masoya?"

Ta ce, "To ai gaskiya na faɗa. Ƙarya na yi maka?"

Ki haddace wannan amsa, garkuwarki ce. Duk wanda ya zo miki da ƙorafi ki ce, "Ƙarya na yi?" Zai tsaya yana in-ina, domin ba ƙarya kika yi ba, shi kuma bai san sunan abin da kika yi masa ba. Ta ƙara da cewa ni da nake sauraren asirin maza duk yini a kujerar aski bai kamata in yi ƙorafi ba, wanzami ne kawai ba ya son jarfa. Na juya na koma shago.

Mataki na biyar: Ki koyi riƙe almakashi

Abin da kike gani a gidan gilashi na awa ɗaya, daga yini guda aka yanko shi. Duk inda aka zauna lafiya aka sha shayi, an zubar. Gaskiya ce tsantsa, an dai yi mata aski.

Yaya Malama aka ba mugu, don tana da murya da gira irin ta masu koyarwa. Wata rana Auta ta je gidanta a galabaice, ba ta ci komai ba tun safe. Yaya Malama ta hau ta da faɗa tana zuba mata abinci: "Ba na son ki riƙa zuwa gidana da yunwa kamar marar gata, ki ci abinci kafin ki kama hanya!" Abin da ya fito a shafi shi ne, "Ba na son ki riƙa zuwa gidana." Sai hoton Auta a tashar bas tana kallon nesa.

Mabiya suka yi wa Yaya Malama wankin babban bargo. Wata ta ce ta san irinsu, hassada ce ke cin su. Wani ya ce a ba shi adireshi. Uwar wani ɗalibinta ta tare ta a ƙofar makaranta ta ce, "Malama, ki ji tsoron Allah, 'yar'uwa ba abin yarwa ba ce." Ita kuwa kular da ta zuba wa Auta abinci ta tafi da shi, har yau ba a dawo mata da ita ba.

Mataki na shida: Ki nemi ƙofar da ba ta rufuwa sosai

Mugu da wawa suna kawo mabiya, amma baiwar Allah ce ke kawo ambaliya. Ki nemi abin da ya fi komai taushi a gidanku, abin da kowa ya sani amma ba mai ambata.

Babanmu direban bas ne, ya rasu shekarun baya. Ya bar farar rigar aikinsa mai aljihu biyu, ya kuma bar famfon kicin yana ɗiga, wanda ya yi ta cewa zai gyara ranar hutu har Allah ya ba shi hutun gaba ɗaya. Mama ba ta taɓa yarda a kira mai gyara ba. Kwano take tarawa a ƙarƙashi, in ya cika ta ba furannin Auta. Duk safiyar Asabar, in ta gama gugar kayan gida, sai ta ɗauko farar rigar nan da ba mai sa ta, ta shimfiɗa a teburin guga, ta tura ƙofa, ta fara ba shi labari.

Kar ki ɗauka kuka take yi. Faɗa take yi masa. "To Malam, ka dai ji famfonka. Ranar hutu, ranar hutu. Ga shi kana ta hutawa, ni ina ta tara kwano." Daga nan ta gaya masa wanda ya haihu, da wanda ya yi ƙiba, da yadda ɗansa mai aski ke shafa wa gemu baƙi yana zaton ba a gane ba. Wani lokaci har dariya za ka ji ta yi, kamar ya ba ta amsa. Duk gidan mun sani. Wanda duk zai wuce ta ƙofar nan ranar Asabar sai ya ɗage ƙafa ya bi a hankali, ya yi kamar bai ji ba. Ba wanda ya kafa wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta.

Ke ki karya ta. Ƙofar tana barin 'yar tsaga daidai idon kyamara. Ki tsaya ba takalmi, ki riƙe numfashi, ki ɗauka. Ki sa masa waƙa mai sanyi, ki rubuta a sama, "Soyayyar da kabari bai raba ba." Haka Auta ta yi, kuma abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Wayarta ta yi ta ƙara har ta yi zafi. Mutanen da ba su san ko sunan Baba ba suka yi ta kuka a kansa.

Ita Mama a kanti ta ji. Ta je sayen sabulu, matar da ke karɓar kuɗi ta kama hannunta biyu, ido ya yi rau-rau, ta ce, "Mama, ya Malam? Ya famfo?" Mutanen da ke layi suka juyo, wata ta ɗaga waya.

Mama ta dawo gida ta ajiye ledar sabulu a kan tebur. Ta dubi Auta ta ce, "Ke, wa da wa suka ji?"

Auta ta ce, "Mama, duniya ce gaba ɗaya take son ki!"

Mama ta ce, "Ni da mijina nake magana."

In an gaya miki irin wannan, kar ki tsaya tunani. Ki duba adadin waɗanda suka kalla, zuciyarki za ta yi sanyi.

Mataki na bakwai: Ki bar mabiya su yi taimako

Mabiyi mutum ne mai zuciyar kirki da lokaci mai yawa. In ya ga matsala sai ya gyara ta, ko an sa shi ko ba a sa shi ba.

Masu gyaran famfo suka fara sallama a ƙofarmu. Wanda ya yi sa'a shi ne wanda ya zo ranar da Mama ta tafi ganin likita, don idonta ya daɗe yana yi mata hazo. Ya zo da akwatin kayan aiki, da riga mai lambar wayarsa a baya, da abokinsa mai ɗaukar hoto. Auta ta buɗe masa ƙofa. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama. Suka tsaya su biyu a gaban famfo suna murmushi, aka rubuta, "Mun cika wa Malam alkawari."

Da Mama ta dawo sai ta tsaya a tsakiyar kicin, jaka a hannu, tana saurare. Shiru. Ta sunkuya ta ɗauki kwanon, ta wanke, ta kife shi a kan kantar kicin. Asabar ɗin nan ta goge kayan gida, ta ninke farar rigar ba guga, ta sa ta a ƙasan akwati. Ba ta tura ƙofa ba, don ba abin da za a ji.

Ranar na ji baƙin cikin da ban taɓa ji ba, har na yi wa wani bawan Allah tal-kwabo alhali saisaye ya ce. Furannin gwangwani kuma suka bushe ɗaya bayan ɗaya, tunda mai ba su ruwa ta daina, mai su kuma ba ta lura ba.

Mataki na takwas: In 'yan gida sun koyi wasa, ki ce hassada ce

A gidan gilashi, bayan 'yan makonni kowa ya gane inda kyamara take. Daga nan ba ka ƙara ganin mutum, sai ɗan wasa. Gidanku ma haka zai zama, kar abin ya ba ki mamaki.

Mu dai da an ji takun Auta, matata za ta yi tari sau biyu. Kowa ya gyara zama. Mai susa ya daina, mai dariya ya haɗiye. "Sannu da zuwa." "Yauwa." "Ya aiki?" "Da godiya." Yaya Malama ta koma magana kalma ɗai-ɗai, ta ce tana son ta ga inda almakashi zai shiga. Mama kuwa kalmominta uku suka rage: "To," da "Madalla," da "Allah ya yi albarka." Matar da in ta tambaye ki ina kika sa wuƙa sai ta haɗa da tarihin wanda ya sayo wuƙar.

Sai ranar kora ta zo. A talabijin 'yan kallo ne ke jefa ƙuri'a, a sa kiɗa, wanda aka kora ya ja akwati yana ɗaga hannu. A gida ba kiɗa. Yaya Malama ce kawai ta buɗe sabon guruf a waya, ta sa kowa har da surukai, ban da mutum ɗaya. Tsohon guruf ɗin muka bar mata shi yadda ake barin fitila a kunne in za a yi tafiya: kullum da safe wani zai jefa "barka da asuba" da hoton fure, shi ke nan.

Auta ba ta gane ba, don lokacin ta kama ɗaki mai manyan tagogi a can cikin gari, saboda haske. Ta dai ji a jikinta an yi sanyi, sai ta rubuta, "Me ya sa dangi ke canzawa in Allah ya ɗaga ka?" Ke ma ki rubuta haka. Za a taya ki zagin su har ki ji tausayinsu.

Mataki na tara: Ki ji labarin gidanku a bakin mabiya

Wannan shi ne ƙololuwar nasara: ranar da baƙo ya riga ki sanin abin da ke faruwa a ɗakin uwarki.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe wa Mama gani, sai an yi aiki an cire. Da muka zauna shawara a sabon guruf, na ce ya kamata a gaya wa Auta. Mama ta karɓi wayar Yaya Malama ta yi magana da bakinta: "Kar wanda ya gaya wa 'yar jaridar nan. Ba na son duniya ta ga idona kafin ni in gani da shi."

Aka yi aiki lafiya. Da yamma wata mabiya ta rubuta a ƙarƙashin hoton sabon labulen Auta: "Allah ya ba Mama lafiya, na gan ta a barandar asibiti da bandeji a ido, yayanki mai tsoron jini yana riƙe da hannunta, shi ma kamar a riƙe shi."

Ina tsaka da aski wayata ta yi ƙara.

"Yaya, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Kuma ba wanda ya gaya mini?"

"Ai ga shi an gaya miki. Mabiyanki ba su yi miki rowa ba."

Ta ce, "Ni ba 'yar gidan ba ce?"

Na ce, "Ke ce mai ɗaukar hoton gidan."

Na san na yanka da zurfi, reza ce sana'ata. Ta kashe waya, kuma tun daga ranar ba ta ɗauki kiran kowa ba.

A nan ne ɗalibata ta ba ni kunya. Ga kuka na gaske wanda ba sai an maimaita ba, ga kusurwa, ga manyan tagogi, ga mugu da wawa sun haɗa kai sun zalunce ta. Mai hankali da ta ci wata guda tana rabon wannan kaɗan-kaɗan. Ita kuwa ko harafi ba ta ɗora ba. Shafin na nan shiru, mabiya na ta tambaya ko lafiya. Ke kar ki yi wannan sakacin.

Mataki na goma: Wannan ki tsallake shi

Ba ya kawo mabiya, na sa shi ne don lissafi ya cika.

Mutanen gidan gilashi da ƙafarsu suka shiga. An tambaye su, sun yarda, kuma akwai ƙofar fita. Sannan mutumin nan mai fararen haƙora da ke gabatar da shirin, wanda ke cewa kowa ya buɗe zuciyarsa, duk shekarun da na yi ina kallonsa ban taɓa ganin ko inuwar uwarsa ba. Ban san ko famfon gidansu na ɗiga ba.

Jiya da safe na je gida da sifana a aljihu. Mama na zaune a falo, bandeji a ido, hannu a cinya, shiru kamar baƙuwa. Na lallaɓa kicin na ɗan sassauta abin da gwanin nan ya ɗaure, na koma bayan ƙofa na tsaya.

Ɗis. Ɗis.

Na ga ta ɗaga kai. Ta karkata kunne. Ta daɗe a haka, sannan ta yi tsaki ta ce, "Ka ji ko, Malam? Aikin 'yan zamani ke nan. Da kai ka gyara da ya fi haka ƙarko. Da ka gyara ɗin."

Na cusa hannun riga a baki don kar a ji ni.

Ta ci gaba, "Ka ga 'yarka ta yi fushi ba ta zo ba. Zuciyarka ta ɗauko, ba tawa ba. Jibi za a cire mini wannan ƙyalle, likita ya ce zan ga komai tar. Ni kuwa rabona da fuskar yarinyar nan tun kafin idon ya yi hazo. Bayan wayarta kawai nake gani, mai ruwan hoda." Sai ta ɗaga murya, irin muryar da ake ji har bakin titi: "Kai kuma mai laɓe, ka ɗauka ban ji ƙarar sifana ba? Ido aka rufe mini, ba kunne ba. Tara mini kwano, sannan ka kira mini ita."

Na ce, "Mama, ba ta ɗaukar waya."

Ta ce, "To ka rubuta a inda take karantawa. Tunda a kasuwa take kwana, a kasuwa za a yi cigiyarta."

Na ce, "Har da maganar Baba?"

Ta ce, "Wannan ai ta riga ta raba wa duniya. Amma abin da zan gaya masa yanzu, in na ji shi a waje, da hannuna zan wanke maka baƙin gemun nan a gaban kwastomominka. Ja mini ƙofa."

Na ja ƙofa. Ta yi magana mai tsawo, har da dariya. Ba ni da bidiyo, sai dai ki yarda da bakina.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan aiki da waɗannan matakai. In yayarki ta koma magana kalma ɗai-ɗai, in ana tari sau biyu da kin shigo, in kin wayi gari guruf ɗin gidanku ba komai sai hoton fure, kar ki zo shagona, ban san ki ba. Ba a mayar da kuɗi, ba a mayar da kular abinci. Asirin da aka buɗe ba ya komawa, kamar gashin da ya riga ya faɗi ƙasa, wannan kuwa na fi kowa sani, don na sha tsayawa da tsintsiya ina ba masu kai haƙuri. Abin da nake gaya musu shi ne su ba shi lokaci, yana tsirowa.

Auta, na san kin karanta har nan, tunda sunanki na ciki. Gobe da hantsi za a cire bandejin a asibiti, hawa na biyu, ɗakin da ke kusa da matakala, ba sai kin shiga lif ba. Ki zo da fuskarki. Wayar ki ba ni a bakin ƙofa, aljihuna babba ne, sifana ma ta shiga. Abin da Mama za ta ce in ta buɗe ido ta gan ki kuwa babu ruwana, kuma ba mai ji sai mu.